FARFAƊIYA DA TUƘI: YAUSHE ZA A AJIYE MAKULLI, YAUSHE ZA A SAKE ƊAUKA?





Darasinmu na yau ba na haɗa magani ba ne, babu cokalin zuma kaza, babu kofin ruwan ɗumi kaza. Magana ce a kan rai, kuma ina roƙonka maigida, ke ma uwargida, ku daure ku karanta har ƙarshe ko da babu mai wannan lalura a gidanku. In babu a gidanka, akwai a unguwarku. Ta yiwu ma shi ne ya ɗauko 'ya'yanka daga Islamiyya jiya.

Watannin baya wani dattijo ya zo mini nan Tudun Wada tare da ɗansa, saurayi mai kimanin shekara 25. Ba zan ambaci suna ko unguwa ba. Yaron yana tuƙa Keke Napep na haya tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, da shi yake ciyar da matarsa da jaririnsu, yake kuma ɗan taɓa wa iyaye. Sau biyu ya faɗi cikin wata uku: na farko a gida bayan sallar asuba, na biyu a bakin titi yana jiran fasinja.

Dattijon ya ce: "Allah gafarta Malam, a taimaka mana da abin da zai riƙe shi ya ci gaba da neman abincinsa. Kuma don Allah a rufa mana asiri, kada mai keken ya ji."

Na ce: "Alhaji, asirinku a rufe yake a wurina. Amma bari in tambayi yaron." Na juya na ce: "Ɗana, in abin ya zo maka kana kan gadar Kubanni, da mata uku a baya, ɗaya da goyo, wa zai riƙe kan keken?"

Ya yi shiru, can ya ce: "Baba Malam, ai ina jin alamarsa kafin ya zo. Sai in faka."

Wannan amsar ce ta sa na rubuta darasin nan, domin na sha jin ta daga bakin mutane da yawa.

*MENE NE FARFAƊIYA?*

Ƙwaƙwalwar mutum tana aiki ne da wasu 'yan saƙonni masu kama da wutar lantarki. Idan suka yamutse lokaci guda, kamar yadda wuta ke zuwa da ƙarfi ta ƙona kaya, sai mutum ya fita hayyacinsa na ɗan lokaci. Idan hakan yana maimaituwa ba tare da wani dalili na nan take ba, shi ne farfaɗiya.

Daga cikin abubuwan da ke haddasa ta akwai wahalar haihuwa, buguwar kai a hatsarin mota ko babur, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki, da ƙari a cikin kai. Wani yakan gada, wasu da yawa kuma ba a gano dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. Ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan aka gano ciwon daidai aka sha magani yadda ya kamata. Ka riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Ba kowace farfaɗiya ce ta faɗuwa da jijjiga da kumfar baki ba. Akwai wadda mutum zai tsaya cak ya ƙura ido, kana masa magana ba ya ji, sakan biyar ko goma ya dawo, shi kansa bai san an yi ba. Akwai wadda zai riƙa tauna baki ko yana murza rigarsa ba da saninsa ba. A gida sai a ce ai wane ya cika tunani. A kan titi kuwa wannan ƙaramar ma ta isa ta yi kisa.

Malamanmu na da sun san haka. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekara ta 428 bayan Hijira, ya yi bayaninta a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya kasa ta biyu: wadda ke zuwa ta shafar aljanu, da wadda ke zuwa daga lalurar jiki, wadda aikin likitoci ce. To ka lura da kyau: ko wace iri ce daga cikin biyun, wanda hankalinsa ke gushewa ba zai iya riƙe sitiyari ba. Saboda haka gardamar "iska ce" ko "ciwon asibiti ne" ba ta canja komai a batun tuƙi.

*LISSAFIN SAKAN GOMA*

Babur ko keke da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowane sakan. Cikin sakan goma ya ci mita 110, wato tsawon filin ƙwallo guda, babu kowa a kan birki. Motar da ke gudun kilomita 100 a hanyar Kaduna ko ta Kano tana cin kusan mita 280 a wannan lokacin. Yanzu ka kwatanta filin ƙwallo guda a titin kasuwar Tudun Wada da yamma, ko a Agoro lokacin tashin 'yan makaranta. Mutum nawa ne a cikin wannan tazarar? Wani lokacin ma ƙafa ko hannu kan sandare a kan totur, abin hawan ya ƙara wuta.

Batun "ina jin alamarsa" kuwa, gaskiya ne wasu kan ji wani wari, ko wani abu ya taso musu daga ciki, ko tsoro ya kama su haka kawai. Amma likitoci sun tabbatar wannan alamar ita kanta farkon ciwon ce, wato ya riga ya fara. Wani lokacin sakan biyu ne tsakani, wata rana kuma ba ta zuwa sam. Ba a ɗora ran mutane a kan ƙararrawar da wata rana take kaɗawa, wata rana ba ta yi.

*YADDA WASU ƘASASHE SUKA TSARA*

A Ingila, mai farfaɗiya ba ya tuƙa motar kansa sai ya yi wata 12 cur bai faɗi ba. Wanda ya faɗi sau ɗaya tak a rayuwarsa, yawanci wata 6 ake dakatar da shi. Bas da babbar mota kuwa, sai ya yi shekara 10 babu faɗuwa kuma ba ya shan maganin ciwon. Dubi bambancin: ɗaukar fasinja ba ɗaya yake da tuƙa kanka ba. A Amurka kowace jiha da nata, yawanci tsakanin wata 3 zuwa 12. A Japan shekara 2 ne.

Mutanen Japan sun ga abin da ɓoyewa ke jawowa. A watan Afrilun 2011, a garin Kanuma, wani matashi mai tuƙa motar ɗaga kaya, wanda ya ɓoye ciwonsa, ya fita hayyacinsa a kan sitiyari, motar ta afka wa yara 'yan firamare suna tafiya makaranta, shida suka mutu. An ɗaure shi shekara 7. Ba mugu ba ne, abincinsa yake nema, kamar yaron da aka kawo mini.

Abin da nake so ka ɗauka a nan: waɗannan ƙasashe ba su ce mai farfaɗiya ba zai taɓa tuƙi ba har abada. Cewa suka yi a jira, a sha magani, a ƙirga watanni.

A nan gida muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tun 1988, ga jami'an VIO masu gwada direba, ga 'yan KASTLEA a titunan jihar Kaduna. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: jami'in da ya tsayar da kai takarda zai duba, ba ya ganin abin da ke cikin kanka. Da yawa cikin masu acaɓa da keke ba su taɓa zama gaban likita don tuƙi ba. Ke nan shingen da ya rage shi ne tsoron Allah na mai ciwon, da na mutanen gidansu.

*ME SHARI'A TA CE?*

Na farko, aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Hadisi na 32 a cikin Arba'una Hadisi, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, ya kafa ƙa'idar hana cutar da kai da cutar da wani.

Na biyu, fasinja amana ne. Matar da ta hau kekenka ta ba ka ranta ne bisa zaton kana da lafiyar kai ta gida. In da ta san halin da kake ciki, da ba ta hau ba. Ɓoye mata yaudara ce. Haka ɓoye wa mai abin hawan da ya damƙa maka dukiyarsa.

Na uku, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi, sai fa in abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon karewa ko kauce mata. Wanda ciwon ya fara zuwar masa karon farko yana kan hanya, bai san yana da shi ba, wannan daban. Amma wanda ya sani, aka gaya masa, ya ɗauki makulli, ba zai ce ba shi da ikon kaucewa ba.

Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1000 na zinare, kuma a kisan kuskure dangin wanda ya yi kisan ne ke haɗuwa su biya. Kaffara a yau azumin wata biyu ne a jere. To kai uba, kai wa, da kuke cewa a bar shi ya nemi na cefane, kun ga inda nauyin zai dawo.

Kada kuma wani ya ce ai tawakkali ne, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ajiye makulli shi ne ɗaure raƙumin a nan.

*INA MATSAYIN MAGANINMU?*

Shekaruna sun haura 60, fiye da rabinsu a wannan sana'a na yi su, saboda haka ku ji daga bakina: ba ni da wani garin magani ko rubutu ko turare da zan ba mutum yau in ce gobe ya hau babur. Duk wanda ya ce maka yana da shi, har ya ce ka zubar da ƙwayar asibiti, ka guje shi. Daina shan maganin farfaɗiya kwatsam yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa.

Addu'a, azkar na safe da yamma, ruƙiyya ta Shari'a, sadaka, duk ka riƙe su da kyau. Zuma da habbatus sauda da zaitun abinci ne masu albarka. Amma ka tafi asibiti. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Akwai gwajin da ake kira EEG, ana manna 'yan wayoyi a fatar kai a ga yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, ba ya zafi. Magunguna irin su phenobarbitone, carbamazepine, sodium valproate da levetiracetam, likita ne ke zaɓar wanda ya dace da irin ciwonka, ba mai kemis ba. Mace mai shekarun haihuwa ta tabbata ta gaya wa likita, domin valproate na iya cutar da ɗan da ke ciki. Duk wani haɗin gargajiya da kake sha, ka nuna wa likita. Ka kuma nisanci shan abin da aka sa wa kafur, domin kafur yana tayar da jijjiga.

*ABUBUWAN DA KE TAYAR DA CIWON*

1. Tsallake magani, ko da na dare ɗaya.
2. Rashin barci. Direban dare da mai kwana a waya su kula.
3. Tramol da sauran ƙwayoyin da wasu matasa ke sha wai don ƙarfin aiki. Tramol na sa jijjiga har ga wanda ba shi da farfaɗiya. Giya ma haka.
4. Zazzaɓi mai zafi. A gaggauta maganinsa.
5. Damuwa mai yawa da gajiya.
6. Ga wasu 'yan kaɗan, hasken da ke walƙiya yana ɗaukewa.

In Ramadan ya gabato, ka je wurin likita tun a Sha'aban a tsara maka lokutan sha tsakanin sahur da buɗa-baki. In ya ce azumi zai cutar da kai, Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame. Tahajjudin da zai hana ka barci har ka faɗi, ka rage shi.

*TO YAUSHE ZA A SAKE ƊAUKAR MAKULLI?*

Shawarata, wadda na gina a kan abin da muka gani a sama:

Daga ranar da ka faɗi, ka ajiye mota, babur, keke, har da keken hawa a babban titi. Ka samu ɗan littafi ka rubuta ranar. Duk faɗuwa, babba ko ƙarama, a rubuta, mutanen gida su taimaka, domin su ne ke ganin wadda ba ka sani ba. Idan ka cika shekara guda babu ko ɗaya, kana shan magani a kan lokaci, sai ka kai wa likitanka littafin, shi zai ce ka hau ko ka ƙara jira. In an sake faɗuwa, lissafi ya koma farko. In likita yana canja maka magani ko yana rage shi, ka sake ajiye makullin har ya ba ka izini. Wanda nasa a cikin barci kaɗai yake zuwa, shi ma likita ne zai yanke, ba shi ba.

Amma ɗaukar fasinja, acaɓa ne, keke ne, bas ce, tirela ce, wannan ka cire ranka daga gare shi ka nemi wata ƙofar. Mai tuƙa kansa minti ashirin yake yi a titi, ɗan haya kuwa yini yake yi, da rayukan mutane a bayansa.

Ka tuna kashi 70 ɗin nan. Mafi yawan masu shan magani da gaskiya suna samun tsayawar ciwon. Jiran yana da ƙarshe, in sha Allahu.

*HAƘƘINSA A KANKU*

A nan ne mu mutanen gida muke kuskure. Ko dai mu bar shi ya ci gaba da tuƙi don muna jin daɗin abin da yake kawowa, ko kuma mu karɓe makulli mu karɓe har da mutuncinsa: kada ka fita, kada ka je kasuwa, kada ka yi aure, ga kwanonka daban. Duka biyun zalunci ne. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko kumfa ko cin abinci tare, kuma ba hauka ba ce.

Namijin da ya saba fita da abin hawansa, ranar da aka ce ya ajiye, ji yake kamar an yanke masa ƙafa. In ba ku buɗe masa wata hanya ba, zai saci jiki ya koma titi. Saboda haka:

• A nema masa sana'ar da ba ta tuƙi ba: shago, POS, ɗinki, gyaran waya, sayar da kayan gyaran babur, rubuta lodi a tasha. Zakkar dangi da gudummawarsu ta fi amfani a nan fiye da a diyya.
• In abin hawan nasa ne, kada a sayar da gaggawa. A ba amintacce ya riƙa kawo masa balas. Ya tashi daga direba ya koma mai mota.
• Ya riƙa fita harkarsa shi kaɗai in ciwon ya lafa. Cikin keke ko bas ya fi masa bayan babur. Ya sa 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da sunan ciwon, maganin da yake sha da lambar wani na gida.
• Wanda ke da mota a gida ko maƙwabta ya sa shi cikin lissafinsa: Juma'a, asibiti, ɗaurin aure. Ka ce "zo mu tafi", kada ka jira sai ya roƙa.
• Mace mai wannan lalura, ko tana tuƙi ko ba ta yi, hukuncin ɗaya ne. A kula mata da bakin murhu da bakin rijiya, amma kada a mayar da ita fursuna, kada a hana ta makaranta ko zumunci.
• A guji iyo a rafi, hawa gini ko bishiya, da aiki da injin niƙa har sai ciwon ya tsaya.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baiwar Allah mai farfaɗiya da ta nemi addu'a wurin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, ya kuwa yi mata. Bayan shekaru Ibnu Abbas yana nuna ta ga almajirinsa Aɗa'u a matsayin 'yar Aljanna. Ka ga, tana cikin jama'a ana ganinta, ba a kulle ta a ɗaki ba. Malamai kuma sun ce hadisin bai hana neman magani ba.

*IDAN WANI YA FAƊI A GABANKA*

Kada ka gudu. Janye shi daga titi ko wuta ko ruwa, sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, sassauta wuyan riga, in jijjigar ta lafa ka juya shi ya kwanta a gefensa. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja yana sume, zai iya shaƙewa. Kada a kara masa hayaƙi ko wuta. A rufe masa jiki, a kori 'yan kallo da masu ɗauka a waya. Duba agogo: in ya wuce minti 5, ko ya sake komawa bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko mai ciki ce, ko karon farko ne, a yi asibiti nan take.

Yaron nan da na fara ba ku labarinsa bai ji daɗin maganata ba a ranar. Ya fi wata guda ko gaishe ni ba ya yi. Uban ne ya daure ya kai shi asibiti, sannan suka je tare suka gaya wa mai keken gaskiya. Mutumin ya amince ƙanen yaron ya karɓi keken, suna raba abin da ya saura bayan balas. Shi kuma yana zama a shagon kawunsa. Abin da yake samu bai kai na da ba, ba zan ɓoye muku ba. Kwanan nan ya zo da ɗan littafinsa ya ce: "Baba Malam, wata bakwai ke nan." Na ce: "Alhamdu lillahi, ɗana. Ci gaba da ƙirgawa, kada ka tsallake ko ƙwaya ɗaya."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya buɗa musu ƙofofin arziki na halal, Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya. A tura wa 'yan uwa, musamman masu abin hawa na haya da shugabannin tasha.